Yadda Ake Karanta Alƙaluman IPv6 Ba Tare da Ruɗewa Ba

Shafin alƙaluman Google yana nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na masu shiga ayyukan kamfanin suna zuwa ne ta IPv6. AMS-IX, babbar mahaɗar intanet ta birnin Amsterdam, ita ma tana wallafa nata awon, kuma kason IPv6 a can bai ko kama ƙafar na Google ba. Injiniyan da ke kula da netwok ɗin wani kamfanin raba intanet a Kano ko Yamai, in ya duba rautarsa ta bakin iyaka, zai iya ganin lamba ta uku wadda ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Duk ukun gaskiya suka faɗa. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya tsaya da abin da ya ƙirga. Wanda bai san waɗannan biyu ba, lambar ba za ta amfane shi ba, ko da kuwa daidai take.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne da irin waɗannan lambobi ake yanke shawarar kuɗi. Wani manaja zai ga kashi 3 ya ce a jingine maganar IPv6 sai baɗi, a sayo ƙarin na'urar CGNAT, wadda ke sa kwastoma da yawa su yi tarayya a adireshin IPv4 ɗaya. Wani zai ga kashi 70 ya ce aiki ya kammala, alhali rabin kwastomominsa ba su taɓa samun sabon adireshin ba. Karanta awon nan sana'a ce da ake koya, kuma ba ta da wuya in an bi ta daki-daki.

Ga tushen abin a taƙaice. IPv4, wanda takardar ƙa'idarsa ta fito a 1981, adireshi kusan biliyan 4.3 kacal yake da su. A ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba manyan rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya. AFRINIC, wadda ke rabon adireshin Afirka daga Mauritius, ita ce ta ƙarshe da ta shiga matakin tsimi, a 2017. IPv6 mai tsawon bit 128 an tsara shi tun shekarun 1990, amma sai ranar 6 ga Yunin 2012 manyan shafuka irin su Google da Facebook suka kunna shi dindindin. Tsarukan biyu ba sa jin yaren juna kai tsaye, don haka ake tafiya da su kafaɗa da kafaɗa, a layi ɗaya, a na'ura ɗaya, kuma duk haɗin da za a yi sai an zaɓi ɗaya daga ciki. Awon da muke magana a kai, awon wannan zaɓin ne.

Me aka ƙirga?

Ka tsayar da mutum uku a ƙofar kasuwar Dawanau. Na farko ya ƙirga 'yan kasuwa, na biyu motoci, na uku buhuna. Da yamma ka tambaye su nawa ne kason gero a cinikin yau. Amsa uku za ka samu, domin ɗan kasuwa guda yana iya shigo da tirela biyar, wani kuma buhu biyu a bayan babur. Haka awon intanet yake: akwai mai ƙirga mutane, akwai mai ƙirga haɗi ko buƙatun da ake aikawa, akwai mai ƙirga bayit.

Google mutane yake ƙirgawa, wato kason masu amfani da suka iso gare shi ta IPv6. Bai ce kashi 40 na bayanan duniya suna tafiya ta IPv6 ba, bai kuma ce komai a kan wanda ba ya shiga Google ba. Ƙasar Sin ta toshe ayyukan Google, alhali tana cikin ƙasashen da suka shimfiɗa IPv6 da yawa, saboda haka ɗaruruwan miliyoyin mutane kusan ba sa cikin wannan lissafi.

APNIC, hukumar rabon adireshi ta yankin Asiya da Pasifik, inda Geoff Huston ke jagorantar bincike, ita ma mutane take ƙirgawa amma ta wata hanya. Tana saka ɗan gwaji a cikin tallan intanet. In tallan ya bayyana a burauzarka, sai ya yi ƙoƙarin ɗauko wasu ƙananan abubuwa: wani ta IPv4 kaɗai ake samunsa, wani ta IPv6 kaɗai, wani ta kowanne. Daga nan lamba biyu ke fita. Akwai masu iyawa, waɗanda suka iya ɗauko abin da ke IPv6 kaɗai. Akwai masu zaɓa, waɗanda da aka ba su hanya biyu suka bi IPv6. Ka riƙa kallon tazarar da ke tsakanin lambobin nan. In ta yi faɗi a netwok ɗinka, na'urorin mutane suna da adireshin amma suna gudunsa, kuma galibi dalili shi ne hanyar IPv6 ɗinka ta fi jinkiri ko tana da tangarɗa. Ka kuma tuna awon ya dogara ga inda tallan ya faɗa. Ƙaramin kamfani mai kwastoma 'yan dubbai, samfurinsa na rana guda ba shi da yawa, sai ka ga layin yana tsalle sama da ƙasa. A irin wannan hali matsakaicin wata guda ake dubawa.

Kamfanonin rarraba shafuka irin su Akamai da Cloudflare buƙatu suke ƙirgawa. A nan sai ka karanta bayanin da ke ƙarƙashin jadawalin: an yi lissafin ne a kan dukkan shafuka, ko a kan waɗanda ke da adireshi iri biyu kawai? An haɗa da manhajojin bot masu yawo su kaɗai, ko an tace su? Yawancin waɗannan manhajoji daga cibiyoyin saba suke tashi ta IPv4, don haka in an bar su a ciki suna danne kason.

Akwai kuma lambobin da ba awon zirga-zirga ba ne sam, na shiri ne: kamfanoni nawa suka karɓi rukunin IPv6 daga AFRINIC, nawa suka sanar da shi a BGP, shafuka nawa ke da rikodin AAAA, wato na adireshin IPv6, a DNS. Kamfani zai iya karɓar rukunin /32, ya sanar da shi, a gan shi a teburin hanyoyin duniya shekara da shekaru, ba tare da kwastoma ko ɗaya ya taɓa amfani da shi ba. Tambayar AAAA da kake gani a sabar DNS ɗinka ma ba shaida ba ce, domin ana iya aiko ta ta IPv4, daga na'urar da daga ƙarshe IPv4 za ta bi. Wani bincike da Jakub Czyz da abokan aikinsa suka gabatar a taron SIGCOMM na 2014 ya jera ma'aunai 12, ya tarar tazarar da ke tsakaninsu ta kai wajen ninki 100.

A ina mai awon ya tsaya?

Wannan tambayar ce ta fi ruɗa injiniyoyi, har da gogaggu. Mafi nauyin abin da mutane ke ja a intanet bidiyo ne: YouTube, Facebook, Instagram, Netflix. Duk waɗannan sun daɗe da IPv6. Sai dai bidiyon ba lalle ne ya bi ta mahaɗar jama'a ba. Google da Netflix da Meta suna ajiye rumbunan bidiyo a cikin netwok ɗin kamfanonin raba intanet, ko su ja kebul kai tsaye tsakaninsu da manyan kamfanoni. Abin da ya rage yana ratsa mahaɗa, kamar AMS-IX ko IXPN ta Legas, gauraye ne da zirga-zirgar ofisoshi, bankuna, sabobin haya da tsofaffin manhajoji, inda IPv4 ya fi zama daram. Ƙarancin kaso a mahaɗa ba ya nufin ƙarancinsa a wayoyin mutane.

Kai ma hakan na iya faruwa a gidanka. In rumbun Google ko na Netflix yana zaune a cibiyarka, kai kuma awonka a layin da ke fita waje kawai kake yi, to mafi yawan IPv6 ɗinka bai taɓa wucewa ta gaban ma'auninka ba. Akasin haka ma yana yiwuwa. Rumbunan nan ta BGP suke sanin adireshin kwastomominka. In ka sanar da su rukunin IPv4 ka manta da na IPv6, ana iya riƙa kawo wa masu IPv6 bidiyo daga nesa. Sai ka ga kason IPv6 a layin waje ya yi sama, ka yi murna, alhali kuɗin layin ne ke ƙaruwa a kanka. Wuri mafi gaskiya na tsayawa shi ne ɓangaren da ke fuskantar kwastoma, inda duk abin da ya ja dole ya bi, ko daga ina ya fito.

Kayan awon da kansu

Jadawalin da yawancinmu muka saba kallo, na MRTG ko Cacti ko LibreNMS, daga SNMP yake ɗauko lambobinsa, kuma ma'aunin da aka fi karantawa bayit ɗin ƙofa yake ƙirgawa gaba ɗaya, bai san IPv4 ba bai san IPv6 ba. Akwai teburan da ke rabewa a cikin IP-MIB, amma ba kowace rauta ke cika su yadda ya kamata ba. Wata abin da ya taɓa ƙwaƙwalwarta kawai take ƙirgawa, ta bar wanda ya wuce ta cikinta. Gwada kafin ka yarda. Ka kuma tabbatar ma'aunin bit 64 kake karantawa. Na bit 32, a layin gigabit 1 da ya cika, cikin daƙiƙa 34 yake zagayowa sifili, kai kuwa duk minti biyar kake leƙawa.

Don rabewa da kyau ana komawa ga bayanan kwarara, kuma a nan tarkon da ya fi kama mutane yake. NetFlow siga ta 5 ba ta da wurin rubuta adireshin IPv6 kwata-kwata. In ita rautarka ke fitarwa, rahoto zai ce IPv6 sifili ne ko da rabin netwok ɗin a kansa yake. Sai siga ta 9 ko IPFIX. Ko a kansu ma, a rautoci da yawa sai ka kunna tattara IPv6 daban, ƙofa bayan ƙofa. In ka kunna a ƙofa biyu ka manta da ta uku, kasonka ya karkace, kuma babu wani saƙon kuskure da zai faɗa maka.

Shi kuma sFlow samfuri yake ɗauka, fakiti ɗaya cikin dubu ko dubbai. Wannan ya wadatar ga abu mai yawa, amma yana da rauni ga abu kaɗan. Ƙa'idar da masu sFlow ke bayarwa ita ce kuskuren ya dogara ga yawan samfurin da ya faɗo cikin rukunin da kake aunawa: samfuri 100 na iya kaucewa da wajen kashi 20 na lambar, samfuri 10,000 da wajen kashi 2. A farkon shimfiɗa IPv6, lokacin da kasonsa bai taka kara ya karya ba, kada ka gina magana a kan awon minti biyar. Tara na yini guda.

Wani abu kuma: in ka buɗe Wireshark a kowane ofis na zamani za ka ga fakitin IPv6 suna yawo, ko da ofishin ba shi da IPv6 na fita waje. Gaisuwar cikin gida ce tsakanin na'urori, masu adireshi da ke farawa da fe80 ko ff02. Ba sa fita ko'ina. Abin da za ka ƙirga shi ne adireshin duniya, waɗanda ke cikin 2000::/3. A rajistar saba kuwa, ka kula da adireshi irin ::ffff: da lambobin IPv4 a bayansa. IPv4 ne tsantsa, sabar ce ta rubuta shi a haka. Wanda ya ce wa manhajarsa duk adireshi mai ɗigo biyu a jere IPv6 ne, zai tashi da kashi 100 na bogi. In kuma shafinka yana bayan Cloudflare ko makamancinsa, adireshin da ke rajistarka nasu ne, na baƙon yana cikin kanun X-Forwarded-For.

Fakiti a cikin fakiti

Lokacin sauyi ya cika da dabarun naɗe wani tsari cikin wani, ko fassara wannan zuwa wancan, kuma kowace dabara tana sauya abin da ma'auni ke gani.

Ɗauki 464XLAT, dabarar da T-Mobile ta Amurka ta yi fice da ita, wadda kamfanonin waya da yawa suka bi. Wayar kwastoma IPv6 kaɗai ake ba ta. In wata manhaja ta nace sai IPv4, wayar ta fassara fakitin zuwa IPv6, ya ratsa netwok ɗin kamfani a haka, a bakin fita na'urar NAT64 ta mayar da shi IPv4. Mai awo a ciki zai ce kashi 100. Mai awo a waje zai ce ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Hanyar rabewa ita ce ka ware duk abin da ke tafiya zuwa rukunin fassara, 64:ff9b::/96 ko wanda kamfanin ya zaɓa wa kansa, ka lissafa shi daban. Wannan IPv4 ne a rigar IPv6, kuma shi ne ainihin nauyin da na'urar fassararka ke ɗauka. DS-Lite ma haka: IPv4 ne naɗe cikin IPv6 daga gidan kwastoma zuwa cibiya.

Akasinsu su ne 6rd, wanda kamfanin Free na Faransa ya fara aiki da shi a 2007, da sauran bututun da ke ɗaukar IPv6 cikin IPv4. Ma'auni zai ce IPv4 ne, sai ka nemi lambar furotokol 41 kafin ka gano su. Tsofaffin 6to4 da Teredo, mai bi ta UDP 3544, sun kusa ɓacewa. In ka ga suna da yawa a netwok ɗinka, ba ci gaba ba ne, tsofaffin na'urori ne ke neman mafita da kansu. Sannan in ma'auninka da alamar firam yake rabewa, 0x0800 ga IPv4 da 0x86DD ga IPv6, to a layin da ke ɗauke da MPLS ko PPPoE ba zai ga ko ɗaya ba, domin alamar waje ta MPLS ce ko ta PPPoE. Ƙananan kamfanoni da yawa a ƙasashenmu da PPPoE suke haɗa kwastoma, don haka wannan ya shafe mu kai tsaye.

Kada ka ƙirga adireshi a matsayin mutane

A IPv4, adireshi ɗaya a bayan CGNAT yana iya ɗaukar mutum ɗaruruwa. A IPv6 waya ko kwamfuta guda tana ƙirƙiro wa kanta adireshin wucin gadi don kare sirri, galibi sabo kowace rana, kuma tana iya riƙe da dama a lokaci guda. Ke nan ƙirgar adireshi tana rage mutanen IPv4, tana kumbura na IPv6. Rahoton da ya ce an ga adireshin IPv6 miliyan kaza a wata, bai faɗi komai a kan yawan mutane ba. In dole sai ka ƙirga, tara su bisa rukunin /64, wanda yake daidai da waya ɗaya a layin salula ko netwok ɗin gida ɗaya, ko bisa /56 in shi kake bai wa kowane gida. Mafi tsabta shi ne ka koma rajistar RADIUS ko ta DHCPv6 ka ga kwastoma nawa aka miƙa wa rukuni.

Lambobin ƙasa guda kuma sun dogara ga hasashen inda adireshi yake. Mai VPN zai bayyana a wata ƙasa. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, tana bai wa kwastoma IPv6 tare da IPv4 na bayan CGNAT, don haka shigowarta wuri na iya ɗaga lambar ƙasa ba tare da kamfanonin gida sun motsa ba. In lambar ƙasa ta tashi, sauka zuwa jerin kamfanoni ka ga wa ya ɗaga ta. Indiya ce babban misali: Reliance Jio ta fara kasuwanci a Satumban 2016 da IPv6 tun daga tushe, kuma cikin 'yan shekaru ƙasar ta tashi daga kusan babu zuwa sahun gaba a duniya. Shawarar kamfani guda ce ta ja wannan layin.

Abin da layin jadawali ke faɗa

Layin Google yana da haƙora kamar zarto. Kowace Asabar da Lahadi yana hawa, ranar Litinin ya sauka. Dalili shi ne layukan gida da na salula sun riga na ofisoshi karɓar IPv6, to in mutane suka koma gida kason ya tashi. A hutun ƙarshen shekara tazarar tana raguwa, haka ta ragu a lokacin kullen korona na 2020. Saboda haka kwatanta Talata da Lahadi kuskure ne. Kwatanta mako da mako. A namu wuraren ka lura da Juma'a, da watan azumi inda dare ke zama lokacin hira da kallo, da hutun jami'o'i in kana da su cikin kwastoma.

Kaso kuma rabo ne tsakanin lamba biyu, kuma kowacce na iya motsa shi. A ce IPv6 yana jan gigabit 2, IPv4 yana jan 8: kashi 20 ke nan. Na'urar CGNAT ta samu matsala, IPv4 ya faɗo zuwa 4. Yanzu kason IPv6 ya zama 33, ba tare da ya ƙaru da bayit ko ɗaya ba. Don haka kada ka taɓa zana kaso shi kaɗai. Ka ajiye layin IPv4 da na IPv6 a ainihin adadinsu kusa da shi. Hawa a hankali alama ce ta mutane na sauya waya da rautar gida. Tsalle na dare ɗaya kuwa wani ne ya taɓa wani abu: an kunna AAAA a wani babban shafi, an sabunta manhajar rautocin gida, ko hanya ta sauya. Nemi abin da aka taɓa kafin ka rubuta rahoto.

Gyaran da ke ɓoye cuta

Akwai dabara a burauzoji da wayoyi mai suna Happy Eyeballs, wadda aka rubuta ƙa'idarta a 2012 aka sabunta a 2017. Na'ura ta fara gwada IPv6, in bai amsa ba cikin wajen sulusi ko rubu'in daƙiƙa sai ta gwada IPv4, duk wanda ya riga haɗuwa shi za a bi. Ga mai amfani alheri ce. Ga mai awo kuwa matsala ce babba, domin IPv6 ɗinka zai iya lalacewa mako guda ba wanda ya kira ya yi ƙorafi. Abin da za ka gani kawai shi ne kaso ya ragu, nauyin CGNAT ya ƙaru. Shirun kwastoma ba shaidar lafiya ba ce a nan.

Shi ya sa awon yawa bai isa ba, sai an haɗa da awon inganci. Zaɓi wurare kaɗan da kwastomominka suka fi zuwa, ka riƙa auna jinkiri da asarar fakiti zuwa gare su ta hanyoyin biyu, a lokaci guda, daga wuri guda. SmokePing zai yi wannan, na'urar RIPE Atlas ma haka. In IPv4 yana isa rumbun Legas amma IPv6 sai ya zagaya Landan ya dawo, ka san dalilin da ya sa wayoyi ke gudunsa, kuma gyaran yana cikin yarjejeniyar haɗinka da maƙwabta.

Akwai cuta ɗaya da dabarar nan ba ta maganinta. A IPv6 rautocin kan hanya ba sa yanka fakiti. In ya fi ƙarfin layi, sai su mayar da saƙon ICMPv6 cewa ya yi girma. In wani ya toshe ICMPv6 baki ɗaya a katangar tsaro, kamar yadda wasu suka saba yi a IPv4, haɗi zai ƙullu lafiya, ƙananan fakiti su wuce, manya su maƙale. Shafi ya fara buɗewa ya tsaya. A bayanan kwarara alamarta ita ce haɗin IPv6 masu yawa amma kowanne bayit kaɗan. In kason haɗi yana sama kason bayit yana ƙasa sosai, fara bincike daga nan, musamman a layukan PPPoE da bututu, inda girman fakiti bai kai 1500 ba.

Lambobin da suka kamaci netwok ɗinka

Ni dai a ganina kaso guda na jimla shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da za ka iya fitarwa, domin abu biyu ne a dunƙule. Warware su. Na farko: cikin kwastomominka, kashi nawa suke da IPv6 mai aiki? Na biyu: su waɗannan masu shi, kashi nawa na bayit ɗinsu ke bin sa? A ce kana da kwastoma 10,000, masu IPv6 2,000 ne, kuma kashi 60 na abin da suke ja ta IPv6 yake zuwa. In kowa daidai yake ja, jimla za ta nuna kashi 12. Mai kallon 12 zai ce abin bai karɓu ba. Mai kallon 20 da 60 ya san inda aiki yake: duk gidan da aka kunna wa, fiye da rabin nauyinsa ya sauka daga kan CGNAT, saura a kai ga gidaje 8,000 da suka rage.

Lamba ta farko a hannunka take, ita ce ta rautocin gida, saitin APN da tsarin rabon adireshi. Sau da yawa a nan ake maƙalewa: kamfani ya miƙa rukuni, amma rautar da ke gidan kwastoma tsohuwa ce ko an kashe mata IPv6, sai rajista ta ce an ba shi, kwarara ta ce bai taɓa amfani da shi ba. Gwama rajistar RADIUS da bayanan kwarara, ka fitar da jerin rukunan da aka miƙa amma ba su aika komai ba cikin mako guda. Wannan jerin shi za ka bai wa ma'aikatan da ke zuwa gidaje. Lamba ta biyu rabinta a hannun masu shafuka take. Jera manyan wuraren da IPv4 ɗin masu adireshi biyu ke zuwa, bisa lambar AS. Wanda ba shi da AAAA, ba laifinka ba ne. Wanda yake da shi amma mutanenka na zuwa masa ta IPv4, naka ne ka gyara.

A ƙarƙashin kowane jadawali da za ka kai wa shugabanni, rubuta ƙofar da aka auna, abin da aka ƙirga, tsawon lokacin, yawan samfuri, da yadda aka lissafa abin da aka fassara ko aka naɗe. Bayan wata shida, ko kai ba za ka tuna ba in ba a rubuce yake ba, kuma wanda ya gaje ka zai kwatanta awonsa da naka yana zaton abu ɗaya ne.

Sai batun CGNAT, tunda a kansa kuɗin yake. Bayit yakan bar IPv4 da sauri fiye da haɗi, domin manyan bidiyo ne ke fara ƙaura, su bar tarin ƙananan haɗi na manhajoji, talla, wasanni, kyamarori da na'urorin POS a baya. Na'urar CGNAT kuwa ba faɗin layi kaɗai ke cika ta ba, har da yawan haɗin da take riƙewa a teburinta da tashoshin da kowane adireshi ke da su, waɗanda ba su wuce 65,535 ba ga TCP, haka ga UDP. Kafin ka soke odar sabuwar na'ura saboda bayit ya ragu da rabi, duba teburin haɗi a lokacin da netwok ya fi cika da dare, na tsawon mako biyu aƙalla, ka ga ko shi ma ya ragu.